Haƙoran Baba Gimba Mai Saksofon

Cikin duk ranakun da na yi a ɗakin ƙera haƙora, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Baba Gimba ya dawo da haƙoran da na yi masa, a ƙunshe cikin hankici, ya ajiye su a kan teburina ya ce ba sa aiki.

Tunda akwai sababbi a cikinku, akwai kuma waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari in fara da yadda aikin yake tafiya. Likita ce take duba bakin mutum, ta cire abin cirewa, ta jira dasashi ya warke, sannan ta ɗauki awo. Awon nan wani ƙulli ne mai laushi da ake cika ɗan faranti da shi a danna a baki. In ya daskare aka zare, sai siffar dasashi da ganɗa ta fito a jikinsa. Daga nan aiki ya dawo hannuna, ni teknishan. Sai in zuba filasta a cikin awon, in sami bakin mutum sukutum a gabana, na dutse. A kansa nake jera haƙora cikin kaki, a kira mai su a gwada. In sun zauna, in mayar da kakin ya zama roba mai tauri, in gurje, in goge har su yi sheƙi.

A lokacin ina matakin albashi na tara, ba a daɗe da dawo da ni Potiskum daga Damagum ba. Gari ya fara lafawa bayan shekarun tashin hankali, mutane sun soma samun sukunin tunawa da ciwon haƙori. Shugabar sashenmu Likita Falmata ce, mace mai tsari, ba ta son hayaniya, ba ta kuma son aikin da za a yi sau biyu.

Baba Gimba dattijo ne dogo siriri, ya haura saba'in. A Yerimaram yake zaune, yana da rumfar dusa da harawa kusa da kara, wato kasuwar dabbobi, inda masu shanu ke saye. Haƙoransa na ƙasa da sauransu, amma na sama sun zube, sai turame uku a can baya. Da Likita ta tambaye shi abin da ya fi damunsa, cewa ya yi, "Tuwo dai, 'yata, da ɗan nama in an samu."

Na yi masa aiki yadda ake yi wa kowa. Na sa 'yan wayoyi suka kama turamen nan, na jera na gaba farare daidai misali. Ranar da aka sa masa ya dubi madubi, ya yi godiya, ya tafi. Likita ma ta ce aikin ya yi kyau.

Bayan kamar mako biyu sai ga shi, wajen azahar, layi ya ragu. Bai tsaya wajen Likita ba, kai tsaye ya zagayo ɗakina na baya, yana riƙe da wani baƙin akwati dogo wanda aka ɗaure da igiya saboda makullinsa ya lalace. Muka gaisa, ya kwance hankicin.

Na ce, "Baba, ciwo suke ji maka?"

"Ko kaɗan."

"Ba sa tauna ne?"

"Har tsire na ci da su, Injiniya." Haka yake kirana tun ranar farko. "Wajen ci ba su da laifi. Laifin nawa ne, ban gaya muku gaskiyar abin da ya kawo ni ba. Tura ƙofar nan."

Na tura ƙofa. Ya kwance igiya ya buɗe akwatin. Wani abin busa ne na tagulla, mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, jikinsa cike da maɓallai. Rabona da ganin irinsa tun ina firamare, a hannun 'yan badujala ranar fareti.

Ya ce, "Sunansa saksofon. Da shi na ci abinci kafin a haife ka."

Ya zaro bakinsa, wato baƙin kan da ake sawa a baki, ya nuna mini. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn ɓaren gora da ake ɗaurewa, shi ne ke karkarwa ya ba da sauti. Leɓen ƙasa ne ke tallafar goran, haƙoran sama na gaba kuma su dafe kan daga sama. Ya mayar da haƙoran da na yi masa, ya sa abin a baki, ya hura. Sauti bai gama fitowa ba na ji ƙas, haƙoran sun saki daga baya sun faɗo masa a kan harshe.

Nan take na gane. Mu muna ƙera haƙori ne don nauyi ya sauka a baya, inda ake tauna. Shi kuwa duk nauyin a gaba yake sa shi, kamar mutum ya taka bakin faranti, dole ɗaya gefen ya ɗaga.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya yi murmushi. "A gaban 'yar mutane, da hijabinta, in ce tsoho kamar ni haƙoran busa yake nema? Garin nan mai dusa suka sani. Waɗanda suka san ɗayan sunan nawa yawancinsu suna ƙasa."

Sai ya faɗa mini abin da ya taso da maganar. Wasu matasa masu koyon kiɗa a Jos sun tsinci wani tsohon faifan garmaho da ya yi da ƙungiyarsa, suka bi diddigi har suka samo shi ta wajen wani tsohon abokin aikinsa. Suna shirya taro bayan damina, za su kaɗa kiɗe-kiɗen da ya tsara, suna so ya zo.

"Sun ce ko zama kawai in yi a gaba a tafa mini. Ni kuwa ba zan hau mota har Jos don a nuna ni kamar tsohuwar tukunya ba. In zan je, zan busa. In ba zan busa ba, in yi zamana wajen dusata."

Ƙa'idar aiki ba ta ba ni ikon taɓa bakin mutum ko sake aiki ba tare da izinin likita ba. Na je na same ta a ofis na yi mata bayani. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Sule, haƙoran sun zauna ko ba su zauna ba?"

"Sun zauna, ranki ya daɗe."

"Yana ci da su?"

"Yana ci."

"To aikinmu ya ƙare. Ga mutane can a layi ko tuwon ba sa iya ci."

Ban musa mata ba, don gaskiya ta faɗa. Na dai roƙe ta ta zo ta gani da idonta. Ta zo. Baba Gimba ya miƙe tsaye, kunya ta kama shi har yana neman rufe akwatin. Ita kuwa ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya nuna mata. Ya nuna, haƙoran suka sake faɗowa. Ta daɗe tana juya bakin saksofon ɗin a hannunta, irin kallon da take yi wa hoton muƙamuƙi in ya ba ta wuya.

Ta ce, "Ban taɓa cin karo da irin wannan ba." Ta juyo gare ni. "Sharaɗi biyu. Ba za a taɓa lokacin marasa lafiya ba, sai an tashi daga aiki. Kuma ba na son a ji ƙarar abin nan a ɗakin kwanciya."

Haka muka fara. Ranakun da aka sa masa, yakan hawo keke mai ƙafa uku daga Yerimaram bayan la'asar, akwatin a naɗe cikin buhu. Likita ta sake ɗaukar awo, wannan karon har da wani na biyu da bakin saksofon ɗin a tsakanin haƙoransa, don in ga daidai inda yake dafawa. Ni kuma na sake gini daga tushe. Na ƙara wa wayoyin baya ƙarfi, na yi wa ƙarshen robar ɗan tudu ta yadda za ta manne da ganɗa iska ba ta shiga ba, na rage tsawon haƙoran gaba, na daidaita bakinsu ya kwanta a kan abin busar. Sai mu rufe tagogi, ya cusa tsumma a bakin ƙahon don rage ƙara, ya hura, in duba, in cire, in gurza kaɗan, a sake.

Aiki ne mai cin lokaci, kuma mutum ba ya zama shiru ana gurza haƙoransa a gabansa. A nan na ji tarihinsa, guntu-guntu, yana magana da wawulo.

A Ngojin aka haife shi, ɗan manomi. Yana saurayi ya bi motar shanu ya bar gida, ya faɗa Kaduna, ya shiga ƙungiyar badujala a matsayin mai goge kayan busa. A can wani sajan ya ga yana da kunne, ya koya masa busa da karatun rubutun kiɗa. Da ya ƙware ya ajiye kaki, ya shiga ƙungiyoyin da ke kiɗa a manyan otal, daga Jos zuwa Legas. A Legas ya zauna ƙarƙashin wani shugaban makaɗa mutumin Gana, wanda ke tara su da rana ya sa musu faya-fayan baƙaƙen Amurka, ya ce su saurara. A nan ya fara jin kiɗan da ake kira jaz.

Na tambaye shi mene ne bambancinsa da sauran kiɗa. Ya ce, "Ka san majalisar dattawa a ƙofar gida? Wani ya ɗauko zance, kowa ya ji. Sai wannan ya karɓa ya faɗi nasa, wancan ya karɓa ya kai shi wani wuri, har ka ce an ɓata. Can sai a dawo kan zancen farko a rufe. To haka ne. Kuma zancen jiya ba ya zama na yau, ko da mutanen ba su canja ba."

Ya ce da farko kwaikwayon na cikin faifai yake yi, har mutumin Ganan ya ce masa, waɗannan suna busa unguwarsu ne, kai ina taka? Daga nan ya fara tono waƙoƙin da ya ji yana yaro: na matan Ngizim a bakin dutsen niƙa, da sarewar Fulani masu wucewa da shanu, da algaitar Barebari a gidan biki. Ya riƙa gina nasa kiɗan a kansu. Ya kafa ƙungiyarsa, suka yi faifai, suka zaga har Akara da Abijan. Sannan zamani ya juya, otal-otal suka koma sa kaset, ƙungiya ta watse. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya dawo gida jinya, bai sake komawa ba. Ya yi aure, ya kama dusa. Yakan yi busa a ɗaka jefi-jefi, amma da rikici ya zo gari ya naɗe akwatin ya tura ƙarƙashin gado. Kafin gari ya lafa haƙora sun tafi.

Bai faɗi wannan da baƙin ciki ba. Yadda mutum ke ba da labarin gonar da ya taɓa nomawa, haka ya faɗe shi.

Sannu a hankali aiki ya fara kyau. Ranar da sauti ya fara fita cikakke, mai kauri, har kwalaben da ke kan kanta suna amsawa, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Ya ce robar ganɗa ta yi kauri, tana cinye masa murya. Na rage ta iyakar yadda ba za ta karye ba. Likita ta rubuta masa man liƙa haƙori. Shi ma ya nemo gora mai laushi wanda ba ya buƙatar cizo sosai. Sautukan ƙasa da na tsakiya duk suka dawo.

Na sama ne suka gagara. Akwai wani kiɗa nasa da ya sa wa suna Hanyar Damagum, shi ne wanda yaran Jos suka fi so. Yana farawa a hankali kamar mota mai kaya tana barin tasha, ya yi ta tafiya, sai can kusa da ƙarshe ya haura sama, sama sosai, ya tsaya a can yana karkarwa. Duk sanda Baba ya kai wurin dole ya ƙara matsa baki, haƙoran kuma su motsa, sautin ya fashe kamar kukan agwagwa. Na gwada duk dabarar da na sani. Na sake wayoyi, na sake tudun baya. Da na ƙara matse wayar hagu, turmin da take kamawa ya fara yi masa zafi.

Likita ta duba ta ce a tsaya. Ta yi masa magana ba ɓoye-ɓoye. "Baba, haƙorin nan shi ke riƙe da komai a wannan gefen. In muka ci gaba da ɗora masa nauyi zai tafi, in ya tafi kuma har abin da aka samu za a rasa. Iyakar abin da za mu iya ke nan."

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode. Ya goge saksofon ɗinsa, ya ɗaure akwati, ya fita. Mako ya wuce bai zo ba, na biyu ma haka. Na ɗauka ya haƙura da tafiyar.

Wata Asabar na kasa daurewa, na je kara na same shi a rumfarsa yana auna wa wani Bafulatani dusa. Ya ce in jira. Da ya sallami mutumin, ya ja ni muka tafi gida. Matarsa, Inna Hajara, ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa. Ta ce, "Kai ne Injiniyan? To ka jawo mana. Kwanakin nan ko tuwo sai ya huce yake ci."

Baba ya fito da saksofon, babu tsumma a bakinsa wannan karon. Ya zauna a kan turmi ya fara Hanyar Damagum. Na san kiɗan sosai a lokacin, don haka da ya doshi wurin hawan nan sai na ƙara kasa kunne. Ya iso, maimakon ya haura sai ya gangara. Ya sauka ƙasa, can ƙasa, inda sautin ke fita da kauri kamar muryar dattijo a cikin ɗaki, ya yi ta juya shi a hankali, sannan ya dawo kan zancen farko ya rufe. Inna Hajara tana bakin murhu, muciya a hannu, ba ta motsa ba sai da ya gama.

Na ce, "Baba, ka canja shi."

Ya ce, "Na canja. Ka san mene ne wancan na saman? Ranar da na gudu, mota ta ɗauki hanya, uwata ta biyo mu da gudu tana kiran sunana. Muryarta ce na sa a wurin. Ina saurayi na tsara shi, kullum ita ke kira, ba mai amsawa." Ya shafa maɓallan da yatsa. "Da haƙoranka suka ƙi hawa, na zauna na yi tunani. Yanzu na girmi yadda take a ranar nesa ba kusa ba. Kiran ba nawa ba ne kuma. Akwai yarinya a cikin 'yan Jos ɗin mai busa kakaki irin na Turawa, ita za ta yi kiran. Ni zan amsa."

Bayan damina ya tafi Jos. Ban je ba, aiki bai bar ni ba. Da ya dawo ya zo sashenmu da ledar dankalin Turawa, rabi na Likita rabi nawa, ya miƙa mana waya muka kalli abin da aka ɗauka. Ga shi nan a tsaye cikin farar babbar riga a tsakiyar yara sa'o'in jikokinsa. Yarinyar ta ɗaga kakakinta ta kai shi can sama ta riƙe, ta saki. Sai Baba ya amsa daga ƙasa. Likita Falmata, wadda ban taɓa ganin ta nemi a maimaita mata komai ba, ta ce a mayar da wurin baya ta sake ji.

Har na bar aiki yana zuwa lokaci-lokaci, don dasashin tsoho yana ƙanƙancewa, dole a riƙa yi wa robar ciko. A unguwarsu kuma ya daina naɗe akwatin cikin buhu.

Abin da nake so ku riƙe, musamman ku masu tasowa, shi ne mutanen da ke zama a kujerar nan ba kasafai suke faɗin ainihin abin da ya kawo su ba. Kowa zai ce tuwo, don shi ne ba a jin kunyarsa. Amma a cikinsu akwai ladan da harafi ya fara kuɓuce masa, akwai malamar aji da yara ke dariyar maganarta, akwai wadda ta daina buɗe baki a gidan suna. Ku ba su lokaci, ku tambaya fiye da sau ɗaya. Sannan ku sani, komai ƙwarewarku, ba za ku mayar wa mutum abin da Allah ya ba shi ya karɓe ba. Roba ce za ku ba shi, ku yi ta iyakar iyawarku, ku kuma gaya masa gaskiyar inda ta tsaya. Ragowar aikin shi zai tafi da shi gida ya ƙarasa, kuma sau da yawa nasa ɓangaren ya fi namu kyau.